Ƙotar Bindigar Baba

Bindigar mahaifina ba ta taɓa kwana a wuri ɗaya ba. Mai baki biyu ce, irin wadda ake karyawa a tsakiya a zura harsashi. Ya saye ta tun yana malamin gona, lokacin da babbar fitinar manomi ba ta wuce birai da gwanki ba. Tana da lasisi. Duk shekara yakan sa babbar riga ya je ya sabunta, ya dawo yana mitar layin da ya bi. Amma in ya shigo gida, rarraba ta yake yi. Bakunan ƙarfen suna cikin silin ɗin ɗakinsa, naɗe da tsohon bargo. Ƙotar, wato katakon da ake dafawa a kafaɗa, inda kunamar take, tana cikin adakar Inna ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa. Harsasai kuwa ba ma a gidan suke ba, suna wurin amininsa, malamin makarantar allo da ke ƙarshen layinmu a Abakpa.

In aka tambaye shi dalili sai ya ce, kafin mutum ya hau silin, ya roƙi matarsa makulli, ya taka gidan Malam a gaisa a tambayi iyali, duk zuciyar da ta ɗebo shi ta sauka. Inna takan ce, "Ɓarawon ma ya gama ya tafi, har ya sayar." Shi kuma ya yi dariya ya ce gara haka.

Ni dai a iya sanina zabi da fakara kaɗai ta taɓa kashewa, su ma tun muna yara. Daga baya sai shafa. Yakan haɗa ta in damina ta wuce, ya goge ta da man keken ɗinki a tsakar gida, ya leƙa cikin bakunan yana kanne ido ɗaya, sannan ya sake raba ta kowane yanki ya koma ma'ajinsa.

Baba ya rasu ƙarshen damina, masara ta fara bushewa a kara. Ya bar mu mu biyu da Inna. Ni ce 'yar fari, ina aure a Unguwar Dosa. Sai ƙanena, wanda har furfura ta fara tsiro masa a gemu, da matarsa da 'ya'yansa, amma har yau Auta muke ce masa. Shi ke zaune da Inna a gidan Abakpa, shi kuma ke noma gonar Baba da ke bayan Rigachikun, can ciki, inda in ka sauka daga titin Zariya sai ka yi ta bin hanyar shanu. A shekarar nan hanyar ta lalace. Masu garkuwa da mutane sun ɗauki maƙwabcinsa na gabas yana cikin feshi. Sun ɗauki wani da matarsa. Manoman wajen da dama sun bar amfaninsu a tsaye sun dawo gari suna dako.

Ba a daɗe da share makoki ba na je gaishe da Inna, na tarar da tsani jingine a ɗakin Baba, ƙafafun Auta suna reto daga ramin silin. Ya sauko da bargon, yanar gizo har a girarsa, ya ce, "Yaya, sannu da zuwa," kamar tabarma ya ɗauko.

Na ce, "Me za ka yi da wannan?"

Ya ce, "Girbi."

Ashe har gidan Malam ya riga ya je. Raina ya ɓaci ƙwarai da tsohon nan, na taka da kaina na same shi a zaure. Ya bar ni na gama zuba, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba, sannan ya ce a hankali, "'Yata, amana ce. Mai ita ya koma ga Allah, magajinsa ya zo ya nema. Da wane baki zan hana?" Ya ƙara da cewa harsasan ma tsofaffi ne, 'yan kaɗan, cikin gwangwanin madara, bai san ko za su tashi ba. Da nufin kwantar min da hankali ya faɗa, amma sai ya ƙara tayar min da shi. Sababbi ba sa samuwa, shagunan da Baba ke saye duk sun rufe, in ma an samu ta bayan gida kuɗin guda ya isa cefanen yini. Ke nan ƙanena zai shiga daji da bindigar da bai taɓa harbawa ba, da harsashin da ba a san ko yana da rai ba.

Maigidana ya yi masa bayanin doka, tunda shi mutum ne mai son bayani. Ya ce lasisi ba fili ba ne da ake gada, sunan mutum ɗaya ne a kai, ranar da ya mutu ya mutu da abinsa. Abin da ya dace a kai bindigar wurin 'yan sanda, in Auta yana so ya nemi nasa, ko da yake ana cewa an dakatar da ba da sabo. Auta ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya ce, "To su na dajin, wa ya ba su nasu?"

Ni ba dokar ce ta dame ni ba. Abin da kowa ke faɗa a gari shi ya hana ni sukuni: in suka same ka hannu sake, tafiya suke da kai a yi ciniki, in suka same ka da bindiga, a nan suke barin ka kwance. Mai baki biyu harbi biyu take yi, sai ka tsaya ka karya ka zura wani. Tasu kuwa ba ta tsayawa. Na faɗa masa wannan a tsaye, na faɗa a zaune, na faɗa ta waya har kati ya ƙare. Ko a jikinsa.

Saura ƙota. Ita kaɗai ta rage tsakaninsa da dajin, kuma tana cikin adakar matar da tunda ta haife shi ba ta taɓa ce masa a'a ba. Auta ne. Yana yaro in ya nuna tsokar da ke kwanon Baba sai ta san yadda ta yi ta ciro masa. Ni kuwa, da yake ni ce ta fari, kunyata take ji irin ta mutanen da. Ba ta kama sunana, ba ta kallon idona, ba ta yi min magana kai tsaye. In na shigo sai ta dubi bango ta ce, "Mutanen Unguwar Dosa sun iso? A ba su ruwa." Ni kaɗai ce mutanen. Na girma da haka, ban taɓa jin zafinsa ba sai a wannan karon, da nake bukatar mu haɗa kai ni da ita a kan ɗanta.

Tana cikin takaba, ba ta fita ko ƙofar gida. Kullum tana kan darduma, bayanta jingine da adakar. Na durƙusa gabanta na ce, "Inna, don girman Allah kada ki ba shi." Ta ci gaba da jan carbi. Na ce, "Inna, kashe shi za su yi." Carbin ya tsaya, ya ci gaba. Can ta ce wa labule, "Rana tana yi, masu nisa su kama hanya." Na fito ina huci, ina cewa a raina wannan kunya tamu wata rana sai ta ci rai.

Auta ma yana nasa durƙuson. Matarsa ce ke ba ni labari, lokacin muna shiri. Kullum da safe in ya gaishe ta sai ya ce, "Inna, abin nan na Baba." Ta ce bari ta idar da lazimi. Gobe ta ce makullin ya shige wani wuri. Jibi ta ce kanta ke ciwo. Ba ta ce a'a ba, ba za ta iya ba, dabarun ne kuma suke ƙare mata ɗaya bayan ɗaya, masara tana ƙara bushewa.

Ran nan na zo tafiya, sai Inna ta tura wani ƙunshi da ƙafa zuwa bakin ƙofa. Mun riga mun yarda ni da Auta a ba da tufafin Baba sadaka. Ta ce, tana duban taga, "Wannan a tafi da shi Unguwar Dosa, a wanke a goge kafin a bayar. Can sun fi ruwan famfo. Kada a kwance a hanya." Na ɗauka ina gunaguni, don a ganina wanki ne aka haɗa ni da shi alhali ga surukarta zaune.

Na tari keke-napep, na ɗora ƙunshin a cinya. Nauyinsa ya fi na riguna. Duk ramin da muka faɗa sai wani abu mai tauri ya doki gwiwata. Mun kusa shingen 'yan sanda da ke kan babban titi iska ta bugo, sai na ji ƙamshin man keken ɗinki. Gumi ya karyo min har cikin hijabi. Ɗan sandan ya leƙo ya ce, "Hajiya, mene ne a ƙunshi?" Na ce, "Kayan mamaci ne, mahaifina." Ban yi ƙarya ba, amma muryar da ta fito ba tawa ba ce. Ya ja da baya ya ce, "Allah ya jiƙansa," ya ɗaga mana hannu.

Na kulle ɗaki na kwance. Ga ƙotar nan cikin farar babbar rigar Baba ta Juma'a, an naɗe ta tsaf, an ɗaure da igiyar zane. Na zauna a bakin gado na yi kuka mai isata. Duk maganar da na yi Inna ta ji. Ba za ta iya hana shi ba, ba za ta iya roƙona ba, sai ta ɗora min a cinya ta sallame ni. Na ji daɗi, na kuma ji haushi, don ta zaɓa wa kanta zama uwa ta gari ta bar min zama muguwar.

Daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba, ni da ƙotar duka. Na sa ta ƙarƙashin gado, na tuna yara na shiga neman ƙwallo. Na cusa ta cikin buhun shinkafa, na ciro don kada man ya ɓata abinci. Ta yi kwana a bayan firji, ta yi a saman kabad cikin akwatin lefena, ta yi a cikin tsohuwar tukunyar suna. Ina tsakiyar koyarwa a makarantar da nake aiki sai in ji kamar na bar ta a fili, in ƙosa a tashi. Maigidana ya ce in fitar masa da abin nan daga gida. Na ce, "Katako ne fa." Ya ce, "Katako mai kunama." Na ce to ya kai wa 'yan sandan da yake ta yabo. Bai kai ba, don ya san tambayar farko da za su yi ita ce ina sauran, amsar kuma ƙanena ce.

Na yi tunanin in je gada in sake ta cikin kogi. Na yi tunanin murhu. Har na fito da ita wata rana da nufin haka, sai na ga wurin da kuncin Baba ya goge katakon ya yi duhu yana sheƙi. Na mayar.

A can Abakpa kuwa, Inna ta ga makulli. Da hannunta ta buɗe adakar ta ce wa Auta, "Duba da kanka." Ya fito da zannuwa ɗaya-ɗaya har ƙasa. Ta ce, "Wallahi ba ta ɗakin nan." Auta ba yaro ba ne. Bayan la'asar sai ga shi a ƙofata, ko babur ɗin bai kafe daidai ba.

Na kawo ruwa, bai duba ba. Ya ce, "Yaya, ba ni."

Na ce, "Me?"

"Kada mu yi haka da ke. Na ɗauki 'yan ƙwadago, mutanen Zamfara ne, sun san abin da suka gudo wa. Sun ce ba za su shiga ba sai sun ga ƙarfe a hannun wani. Ba harbi zan yi ba. A gan ta kawai."

"A gan ta ɗin ne matsalar. Su wa za su gani?"

"To in bar masarar? Gara ta ci, ko su su girbe? Abincin 'ya'yana ne na shekara, da takin da na zuba, da komai."

Na ce, "Ka bari. Abin da muka ci ku ci."

Nan na yi kuskuren lafazi, na gani a fuskarsa. Ya ce, "Mijinki zai ciyar da ni ke nan." Ya miƙe. "Gadona ne, Yaya. Ba ki da ikon riƙewa."

Ni ma kaina ya ɗau zafi. Na ce, "Gadon ubanka ne kai kaɗai? Ba a raba ba tukuna. Kai ka ɗauki baki biyu, ni na ɗauki ƙota ɗaya, ko malamin rabo ya zo haka zai raba." Na zaci zai yi dariya, don da haka muke kashe faɗa tun muna yara. Bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "In wani abu ya same ni hannu sake, ki tuna yau." Na ce, "In wani abu ya same ka da ita a hannu, wa zan tuna?" Ya fita. Ina jin babur ɗin har ya sha kwana, ƙafafuna suna ce min in ɗauko in bi shi, na danne su.

Ya tafi girbin. Ya lallashi mutum kaɗan cikin 'yan ƙwadagon da ƙarin lada, suka shiga da adduna da buhuna. Ranar farko suka fito lafiya da mota cike. Na yi ta hamdala, har na fara shirya irin tsiyar da zan yi masa. Washegari ina sanya tukunyar rana wayata ta yi ƙara. Matarsa ce. Ta ce, "Sun tafi da shi." Ta ƙara da, "Hankalinki ya kwanta," ta kashe.

Ba zan iya ba da labarin makonnin da suka biyo baya a jere ba, don ban rayu cikinsu a jere ba. Na san na yi ta zirga-zirga tsakanin Unguwar Dosa da Abakpa kamar mai neman abin da ya faɗi a hanya. Na san duk ƙarar waya sai in zabura in ɗauka. Abin da aka sayar aka haɗa ba zan lissafa ba, masarar da ya shiga dominta tana ciki. Matarsa in na shigo sai ta shige ɗaki ta saki labule, ban ga laifinta ba. Inna ta daina cin abinci sai kunu, ga takaba ta hana ta ko leƙa titi ta ga ko yana tafe. Nakan zauna kusa da ita. Mu biyu muka aikata, amma ni kaɗai aka sani, kuma ban taɓa buɗe baki na raba laifin da ita ba.

Mutane kuwa kowa da nasa. Masu zuwa jaje wasu su ce Allah ya taimaka ba shi da makami, da yanzu wani zancen ake. Wasu su ce da yana da ko bindigar toka ce da ba su tunkare shi ba. Duka a gabana ake faɗa, ina zuba musu ruwa.

An sako shi. Ya dawo ƙafafu a kumbure, wuyansa kamar na wani tsoho, bayansa duk shatar bulala. Gida ya cika, aka yi ta kuka da godiya. Ya gaisa da kowa, ni ma ya amsa min sannu, amma idonsa bai tsaya a kaina ba.

Na bari mutane suka ɗauke ƙafa. Wata safiya da hantsi na dafa farfesun kaza na kai. Na same shi shi kaɗai a tsakar gida kan tabarma, ya miƙe ƙafafun a rana. Na ajiye kwanon na zauna nesa kaɗan. Na zo da maganganu da yawa a bakina, na kare kai da na ban haƙuri, ban san wanda zai fara fita ba. Shi ya riga ni.

Ya ce, "Su biyu ne, Yaya."

Na ce, "Na'am?"

"Waɗanda suka ɗauke ni. Kowa na zaton runduna ce. Su biyu ne, bindiga ɗaya, ita ma an ɗaure ta da roba. Sai can cikin daji muka tarar da sauran." Ya gyara ƙafarsa da hannu. "Mai riƙe da ita yaro ne, muryarsa ba ta gama buɗewa ba. Sa'an babban ɗanki. Da ya ce mu kwanta, hannunsa rawa yake yi. Na gan su tun daga bakin gona suna tahowa, na gan su sarai. Da ta Baba tana hannuna ba zan kuskure shi ba."

Na ce, "Da ka harba?"

"Da na harba."

Kaza tana tsattsage a gefen tabarmar, bai kore ta ba.

"Shi ya yi min wannan," ya nuna bayansa. "Shi ne kuma ke kawo min ruwa in sauran ba sa gani. Kullum ina kallonsa ina cewa, da yanzu na kashe ka ina gida cikin 'ya'yana. Wani lokacin in ji da ma na yi. Wani lokacin in ji tsigar jikina ta tashi." Sai a lokacin ya dube ni. "Tun da na dawo nake so in ji haushinki sosai in huta, ko in gode miki in huta. Na kasa ko ɗaya. In na gan ki sai abin ya taso min gaba ɗaya."

Na ce, "Auta."

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Yaya. Ki ɗan daina zuwa in ina gida. Zan neme ki."

Ban yi gardama ba, ni da ba a rufe min baki. Na gyara hijabina, na leƙa na yi wa Inna sallama, na fito. Yanzu sai na tambayi lokacin da yake fita kafin in je gaishe ta. An sake wata daminar, an girbe, bai neme ni ba tukuna.